Dinarin Rumawa Ba Ya Faɗin Asalinsa da Sauƙi

Faɗinsa bai fi milimita 21 ba, nauyinsa gram huɗu da rabi, amma idan aka ɗora maka shi a tafin hannu sai ka ji ya fi girmansa nauyi. A fuskarsa kan wani sarki ne ya juya dama, da kambun lu'ulu'u a goshi, rubutun Latin ya zagaye shi: D N HONORIVS P F AVG. A bayansa sarkin ne dai a tsaye cikin kayan yaƙi, tuta a hannun dama, a hagu ɗan mutum-mutumin nasara bisa ƙwallo, ya taka wani kamammen yaƙi da ƙafa. Harafin R a gefe guda, V a ɗaya gefen, can ƙasa kuma an rubuta COMOB.

Wanda ya ga haka zai ce ai magana ta ƙare, kuɗi ya faɗi sunan mai shi da bakinsa. Honoriyus ne, sarkin yammacin Daular Rum, R da V kuma birnin Ravenna ne a Italiya. Amma a wajen masu tantance tsofaffin kuɗi, nan ne ma aikin yake farawa. Honoriyus ya riƙe sarauta daga 393 zuwa 423, kuma an yi fiye da shekara ashirin ana buga wannan zane a Milan da Rum da Ravenna ba tare da wani canji na a zo a gani ba. Bayan haka, 'yan ƙabilar Bisigot da suka zauna a kudancin Faransa ta yau sun riƙa buga kwafin kuɗin Ravenna, har da R da V ɗin, alhali maƙeransu suna can wata ƙasa. To wace shekara aka buga wannan da ke hannunka, a wace maƙera, kuma da izinin wa? Rubutun da ke jikin kuɗi shaida ne guda ɗaya tak, kuma irin shaidan nan ne da ba ya ƙarya ƙiri-ƙiri amma yakan haɗiye rabin zance.

Shi ya sa gwani ba ya farawa da karatu, da sikeli yake farawa. Wannan kuɗi sunansa solidus, shi ne dinarin zinariya na Rumawa. Sarki Kustantin ne ya fito da shi wajen shekarar 310 a yankin da yake mulka a yamma, ya ce a fitar da guda 72 daga kowane awon fam na Rumawa, wanda ya kai kimanin gram 325. Kafin shi, a zamanin Diyokletiyan, guda 60 ake fitarwa. Da Kustantin ya kayar da abokin hamayyarsa Lisiniyus a 324, sabon awon ya game daular, ya kuma tsaya daram har ƙarni na 11 kafin a fara surka shi sosai. Shekara ɗari bakwai ke nan kuɗi ɗaya yana riƙe da nauyinsa. An kasa shi kashi 24, kowane kashi Girkawa na kiransa keration, wato ƙwayar 'ya'yan wata bishiya da ake awo da ita. Daga nan Larabawa suka sami ƙiraɗi, daga nan kuma karat ɗin da ake ji a bakin masu sayar da gwal a kasuwanninmu idan suna cewa wannan 18 ne, wancan 21 ne. Kalmar soja ma, idan aka bi ta cikin Turanci da Faransanci, a kan solidus take tsayawa, wato mutumin da ake biya da wannan kuɗi. Dattawan da suka yi lissafin fam da sule da kwabo kafin 1973 sun san harafin s da ake rubuta wa sule da d da ake rubuta wa kwabo: solidus ne da denarius, wani tsohon kuɗin azurfa na Rumawa.

Idan sikeli ya nuna 4.4 ko 4.5, hankali ya ɗan kwanta. Idan ya nuna kusan 2.2, rabin solidus ne, kusan 1.5 kuwa sulusinsa ne, tremissis, wanda ya fara yaɗuwa daga shekarun 380. Inda gizo ke saƙar shi ne a ga gram 3.7. Mai gaggawa zai ce jabu ne, ko an yanke bakinsa an saci zinariyar, kuma duka biyun suna faruwa. Sai dai tun zamanin Jastiniyan, wanda ya yi mulki daga 527 zuwa 565, hukuma da kanta ta riƙa buga wasu marasa cikakken nauyi, ta rubuta OBXX a ƙasansu don a san nauyinsu karat 20 ne maimakon 24. Wanda bai san wannan ba zai jefar da kuɗi na gaske cikin kwandon jabu. Rumawan su kansu ba su yarda da ido ba. A 363 Sarki Juliyan ya yi doka cewa kowane birni ya sami jami'in awo wanda zai raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa a kan nauyin solidus, kuma har yau ana tono ƙananan duwatsun awo na tagulla da aka yi don wannan aiki.

Haruffan nan biyu, OB, suna da tarihi mai daɗin ji. A 366 da 367 sarakuna Balentiniyan na ɗaya da ɗan'uwansa Balens sun gane cewa masu karɓar haraji suna musanya kuɗi mai kyau da na jabu kafin ya isa baitulmali. Sai suka yanke cewa duk zinariyar haraji a narkar da ita, a tace, a mai da ita sanduna, sannan a kai fada a sake bugawa. Tatacciyar zinariya ita ce obryzum, aka taƙaita zuwa OB. Abin sha'awa kuma, a lissafin haruffan Girkanci O na nufin 70, B na nufin 2, jimla 72, daidai yawan solidus da ake fitarwa daga fam ɗaya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙarfen sun nuna tsarkin zinariyar ya haura zuwa kusan kashi 99 cikin 100 bayan wannan gyara. Ga mai tantancewa, amfanin wannan a fili yake: kuɗin da ke ɗauke da OB bai girmi 367 ba. Kuma tunda aka kusan taƙaita buga zinariya ga inda sarki da fadawansa suke, alamar maƙera ta zama sawun tafiyar sarki. TR ka ce Trier a Jamus ta yau, MD ka ce Milan, RM ka ce Rum, RV kuma ba a fara ganinsa ba sai da Honoriyus ya kwashe fadarsa zuwa Ravenna a 402.

CONOB fa, wanda ake gani a ƙasan wasu kuɗin maimakon COMOB? Nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Asalinsa CON na Kustantiniyya ne, wato Istanbul ta yau, da OB na tatacciyar zinariya. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ya zama tambarin inganci kawai. A ƙarni na 6 maƙerun Rum da Ravenna da Kartaj ta Tunisiya duk CONOB suke rubutawa, haka ma sarakunan ƙabilun Jamus da ke kwaikwayon kuɗin. Duk lokacin da na ga bayanin wani kuɗi an rubuta "Kustantiniyya" ba da wata hujja ba sai waɗannan haruffa biyar, nakan ji ba daɗi, domin kuskure ne mai haihuwa: wani zai kwafa, wani ya gina lissafi a kai, a ƙarshe a zana taswirar kasuwanci bisa tubalin toka.

Kalmar da ke zagaye da bayan kuɗin ma tana da nata tarkon. VICTORIA AVGGG na nufin nasarar sarakuna, kuma a ƙa'ida yawan G shi ne yawan sarakunan da ke mulki tare: AVGG biyu, AVGGG uku. A ƙarni na 4 wannan yana taimakawa wajen ƙuntata shekaru. Kuɗin Honoriyus da muka fara da shi yana da G uku, wanda ya dace da 402 zuwa 408, lokacin da shi da wansa Arkadiyus da ɗan wan nasa Tiyodosiyus na biyu suke sarauta. Amma Arkadiyus ya rasu a 408, G ukun kuma ba su ragu ba. A gabas ma haka abin ya daskare, har Anastasiyus da Jastiniyan, da kowannensu shi kaɗai yake mulki, suna ɗauke da G uku. A ƙarshen kalmar, a kuɗin Kustantiniyya, akan ga harafin Girkanci guda, daga A zuwa I. Lambar sashen maƙera ce, daga na ɗaya zuwa na goma, kuma dole a rubuta ta a kundi, domin da ita ake gane yadda aka raba aiki.

Sunaye kuma maimaita kansu suke yi. Akwai Tiyodosiyus biyu a wannan zamani, Balentiniyan uku, Jastin biyu, ga Jastiniyan wanda rubutun sunansa ya yi kama da nasu idan kuɗi ya goge. Fuska ba ta fitar da kai, domin daga ƙarni na 5 hoton ba kamannin mutum ba ne, kamannin sarauta ne. A gabas, daga zamanin Arkadiyus, sarki bayan sarki yana fitowa da hular kwano, ya ɗan karkato, mashi a kafaɗa, garkuwa a gaba, tamkar an tsaga kara. Abin da ke raba su sauye-sauyen zane ne da aka san lokacinsu. Wajen 420 Tiyodosiyus na biyu ya fito da mutum-mutumin nasara riƙe da dogon gicciye. Wajen 538 Jastiniyan ya juyo da fuska gaba sak, riƙe da ƙwallo mai gicciye. Tiberiyus na biyu, daga 578 zuwa 582, ya sa gicciye a kan matakala. Kaɗan ne ke faɗin shekararsu da kansu, kamar na Tiyodosiyus na biyu mai IMP XXXXII COS XVII na farkon shekarun 440, ko ƙananan masu kauri na Kartaj da ke ɗauke da lambar shekara cikin zagayen haraji na shekara goma sha biyar. Shi ma wannan sai ka san wane zagaye ne.

Idan sikeli da rubutu da zane sun gama nasu, sai a koma ga abin da ni a ganina shi ne zuciyar sana'ar, wato hatimi. Ba injin ne ya buga waɗannan kuɗi ba. Ana sassaƙa zanen a juye a kan ƙarfe biyu, ɗaya a kafe a uwar maƙera, ɗaya a hannu, a sa fallen zinariya a tsakiya, a sauke guduma. Kowane hatimi aikin hannu ne, saboda haka babu biyu da suka zama ɗaya. Wannan harafin N ɗinsa ya karkace, wancan lu'ulu'un kambunsa sun fi yawa, wani kuma ya tsage a kusa da hancin sarki, tsagin yana ƙara faɗi daga bugu zuwa bugu. Mai bincike zai jera hotuna ɗari, ya sa gilashin ƙara girma, ya yi ta kwatantawa har idonsa ya yi ja. Hatimin sama, da yake shi ke shan guduma, ya fi saurin lalacewa, sai a canza shi a bar na ƙasa. Ta haka ake samun sarƙa: wannan fuska ta haɗu da baya kaza, bayan nan kuma ya haɗu da wata fuska. Idan kuɗi biyu sun fito daga hatimi ɗaya, to maƙerarsu ɗaya ce, lokacinsu kuma kusa ne, ko me rubutunsu yake cewa.

Misalin da ya fi burge ni daga birnin Ƙudus yake. A Disambar 2008, a wani tono da ake yi kusa da tsohon birni, aka sami dinari 264 a cikin kangon wani gini, dukansu na Hiraƙal, sarkin Rum ɗin nan da masu karatun sira suka sani. Zanen na farkon mulkinsa ne, 610 zuwa 613, kafin ya fara sa hoton ɗansa kusa da nasa. Ba su goge ba ko kaɗan, ba su taɓa yawo a kasuwa ba. Da aka duba da kyau sai aka ga dukansu daga hatimi ɗaya suka fito. Kuɗin da suka taso daga Kustantiniyya suka bi hannu bayan hannu ba za su iso a haka ba, dole su gauraya. Wannan ne ya sa aka kawo ra'ayin cewa a kusa aka buga su, wataƙila a wata maƙerar gaggawa a Ƙudus ɗin kanta, gab da Farisawa su ci birnin a 614. Da an sayar da su ɗaya bayan ɗaya a gwanjo, da kowanne ya zama dinarin Hiraƙal kawai, labarin kuma ya bi iska.

Sai batun kwaikwayo, wanda Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kansa: kama da wane ba ta wane. Amma a nan dole a bambanta kwaikwayo da jabu. Sarakunan da suka gaji yammacin daular bayan faɗuwarsa a 476 sun buga zinariya ta gaske, mai cikakken nauyi, da sunan sarkin Kustantiniyya, domin shi kasuwa ta yarda da shi. Tiyodorik, sarkin Ostrogot a Italiya, da sunan Anastasiyus yake bugawa, wani lokaci ya saƙala dunƙulallen tambarin sunansa a gefe. Da Tiyodebat na ɗaya, sarkin Farankawa da ya yi mulki daga 534 zuwa 548, ya yi ƙarfin halin sa sunansa a kan zinariya, marubucin tarihin Rumawa Purokopiyus ya ɗauki abin a matsayin wuce gona da iri, yana cewa ko sarkin Farisa ba ya yin haka. Irin waɗannan kuɗi da salo ake gane su: haruffa sun juye, kalma ta rasa ma'ana saboda mai sassaƙar zane yake kwafa ba karatu yake yi ba, mutum-mutumin nasara ya rikiɗe ya zama kamar ƙwaro. Salo kuwa hukuncin ido ne, gwanaye biyu kan saɓa, kuma kundi na gari shi ne wanda ya rubuta "mai yiwuwa" inda babu tabbas.

A nan ne zancen ya taɓo mu kai tsaye. Dinarin da ake ciniki da shi a Makka da Madina a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wannan kuɗi ne na Rumawa, domin Larabawa ba su buga nasu ba tukuna. Bayan Musulmi sun karɓi Sham an buga kwaikwayon dinarin Hiraƙal mai mutum uku a tsaye, aka cire hannuwan gicciyen ya zama sanda a kan matakala. Sai Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gwada hoton halifa a tsaye da takobi, sannan a shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697, ya kawar da hoto gaba ɗaya, ya fito da dinari mai rubutu zalla, nauyinsa kimanin gram 4.25. Daga wannan awo ake lissafin nisabin zakkar zinariya, misƙali 20, wanda malamai da yawa ke ƙiyastawa da gram 85. Ga mai tantancewa, dinarin Abdulmalik hutu ne, domin yana faɗin shekararsa da kalmomi.

Jabun zamani shi ma yana nan, kuma ya tsufa. Karl Wilhelm Becker na Jamus, wanda ya rasu a 1830, da Luigi Cigoi na Italiya, wanda ya rasu a 1875, sun sassaƙa hatimai da suka ruɗi manyan masu tara kuɗi. Jabun da aka zuba a mazubi yana da sauƙin kamawa: haruffa sun yi laushi, fatarsa na da ƙananan ramuka, bakinsa na da sawun ɗinki. Wanda aka buga da hatimi sai an haɗa da awon nauyi cikin ruwa, da na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa, da kuma kundin jabun da aka riga aka sani.

Duk wannan wahala a kan layi kaɗan take ƙarewa. Mai kundi zai rubuta sunan sarki, maƙera da sashenta, shekarun da ake zato, nauyi har zuwa ɗigo biyu, faɗi, da yadda baya ya fuskanci gaba, wanda ake faɗa da lissafin agogo, yawanci ƙarfe shida. Zai kwafi rubutun yadda yake, har da inda ya katse da inda mai sassaƙa ya yi kuskure, kada ya gyara masa. Zai ambaci huda ko kunnen rataya idan an taɓa mai da shi abin wuya, da ƙarce-ƙarcen da wani ɗan kasuwa ya yi a kai. Sannan ya sa lambar da ta dace daga manyan kundaye. Wanda aka fi dogara da shi shi ne Roman Imperial Coinage, wanda juzu'insa na goma, aikin John Kent na 1994, ya ɗauki 395 zuwa 491. Daga Anastasiyus zuwa gaba kuma akan koma ga kundin tarin Dumbarton Oaks da ke Washington da aikin Wolfgang Hahn na Biyana. Yanzu ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka ta ɗora nau'o'in kuɗin da ke cikin Roman Imperial Coinage a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Sai dai lamba ba ta maye gurbin kallo. Na fi amincewa da bayanin da ya ce "ya yi kama da lamba kaza amma tauraron yana hagu" a kan wanda ya tura kuɗin cikin lambar da ba tasa ba don layi ya cika.

Layin da ya fi kowanne saurin ɓacewa shi ne na inda aka tsinci kuɗin da abin da ke tare da shi. A Nuwambar 1992, a ƙauyen Hoxne a gabashin Ingila, wani mutum da ke neman ɓatacciyar guduma da na'urar gano ƙarfe ya ci karo da dukiya. Bai ci gaba da haƙa ba, ya kai rahoto, washegari masana suka zo suka ɗaga ta a tsanake. Solidus 569 ne da kuɗin azurfa fiye da 14,000, kuma mafi ƙuruciya a cikinsu na Kustantin na uku ne, na 407 zuwa 408, saboda haka ba a binne akwatin kafin wannan lokaci ba, daidai shekarun da mulkin Rum ke sulalewa daga tsibirin Birtaniya. A Szikáncs ta ƙasar Hungari, a 1963, an sami 1,439, kusan duka na Tiyodosiyus na biyu, a tsakiyar ƙasar da Atila sarkin Hun ya mulka. Marubutan lokacin sun ce harajin da Kustantiniyya ke biyansa ya kai fam 2,100 na zinariya a shekara. A ninka da 72, solidus 151,200 ke nan. Wurin tsintuwar ne ya haɗa kuɗin da wannan labari, ba rubutun jikinsu ba.

A Satumbar 2018 kuma, a ƙarƙashin wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a birnin Como na arewacin Italiya, ma'aikata suka tono wata tukunyar dutse cike da zinariya. Ba a zazzage ta a wurin ba. An ɗauke ta zuwa ɗakin bincike, aka riƙa cire kuɗin ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta matsayin kowanne, domin a jere suke curi-curi kamar yadda mai su ya shirya su. Da aka gama ƙirga, dubu ɗaya ne cif, har da na Olibriyus, sarkin da bai wuce 'yan watanni a kan karaga ba a shekarar 472.